Tafiyar Ɗauko 'Yar Fari

Tun ranar da na koma makaranta malamai 'yan'uwana suka hana ni sakat. Wannan ta tare ni a ƙofar ofishin hedimasta, waccan ta biyo ni har cikin aji. "Malama, yaya Nijar ɗin? Wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu? Wai rana tana dafa ƙwai?" Na ba da labarin nan a tsaye, na ba da shi a zaune, har na lura kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar. Duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata ta karanta, ni kuma in sami abin da zan duba a waje.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba. Yarinya na je ɗaukowa, kuma ita ce ta fari a wurina. Wanda ya tashi a gida irin namu ya riga ya gane abin da nake nufi. Shekararta ashirin da huɗu, ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar da aka yaye ta, yayar maigidana, Goggo Hanne, ta goya ta ta tafi da ita gidanta, layi uku daga namu a bayan Titin Bauchi, a can ta girma. Goggo take kira Inna, ni kuwa Malama take ce mini kamar kowa a unguwa. Da ta auri Laminu, wani ɗan kasuwar albasa, ya tafi da ita garinsu, sai na sami sauƙi, ta zama Ta-Maraɗi a bakina. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa nata yayan. Kunya ce, kuma ado muka ɗauke ta, ban taɓa zama na tambayi amfaninta ba.

Cikinta biyu suka lalace. Duk biyun sai sun shiga wata takwas motsi yake ɗaukewa, a haifi ɗa ba rai. Duk biyun Goggo ce ta je. Ni ina nan ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, in ya ci ƙarfina in shiga banɗakin malamai in yi kukana, in wanke fuska in dawo.

Da labari ya zo cewa na uku ya wuce wata bakwai, sai Allah Ya haɗa ni da Sista Rifkatu a wajen masu kayan miya. Nas ce, mun yi shekara goma sha biyu katanga ɗaya ta raba mu, kafin gari ya yamutse su koma Tudun Wada. Na fara ba ta labari a kaikaice, wai wata yarinya ce a danginmu. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Abeg, Malama, ki bar wannan kwana-kwana. Yarinyanki ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Ki je ki kawo shi. Wurin da nake aiki an kawo sabon injin sikanin, ba hoton yaro kawai yake nunawa ba, har jinin da yake tafiya wurin yaro yana gani. Sau biyu, abu ɗaya, wata ɗaya? Akwai dalili. Kar ki bari ya shiga wata takwas a can."

Matsalar ita ce Goggo tana takaba, mijinta ya rasu, saura wata biyu ta fita. Maigidana kuwa, ko da zai rufe shagon ɗinkinsa, namiji ba ya shiga gidan surukai ya ɗauko mai ciki. Na je na durƙusa gaban Goggo ina lissafa mata matan dangi da za a iya aikawa. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ke za ki je. Ba cewa aka yi ki goyo ta ba, rakiya ce." Makaranta tana hutu, ba ni da wata mafaka.

Na tashi bayan sallar asuba da suwaita biyu a jikina da safa, domin an fara ruwa a Jos. Tsarabata rabin buhun dankalin turawa, da kwano biyu na acca, da kabeji goma manya da na zaɓo da kaina a Tina Junction, ina taƙama zan nuna wa mutanen Maraɗi abin da ƙasarmu take fitarwa. Muna gangarowa Saminaka na tuɓe suwaita ta farko. Kafin mu shiga Kano na tuɓe ta biyu da safar, ina fifita da littafin addu'a. Na kwana a gidan wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare, washegari na kama motar Katsina, daga nan wata tsohuwar fijo zuwa Jibiya, kabeji yana cikin but ɗin motar yana shan zafi.

A kan iyaka aka sauke mu gaba ɗaya. Jami'anmu na Najeriya ba su tsaya dogon bincike ba. A ɓangaren Nijar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kwance bakin buhuna, ya ja da baya da sauri yana toshe hanci.

"Hajiya, wannan mi ne ne?"

Na ce, "Kabeji ne, tsaraba."

Ya leƙa ya sake leƙawa, ya ce, "Da can dai kabeji ne."

Duk motar aka kwashe da dariya, har da direban da tun Katsina yake zargin wani mai buhun daddawa. Biyu kacal na tsira da su, sauran awakin iyaka suka yi walima.

Sai jandarma mai duba takardu. Dattijo ne siriri, ya juya katina gaba da baya, ya ce, "Wurin wa za ki a Maraɗi?"

"Wurin wata yarinya."

"Wace yarinya? Ba ta da suna?"

Na faɗi sunan mijinta da unguwarsu. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, ya miƙo mini katin. "Ta hwari ce ke nan. Wuce, Hajiya. Ni ma tawa uwar har ta rasu ban ji sunana a bakinta ba." Da dariya ya faɗa, ni ma na yi dariyar, amma maganar ta biyo ni cikin mota ta zauna kusa da ni.

Maraɗi gari ne mai faɗin tituna da yashi, ga amalanken jakuna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da motoci ba mai yi wa wani tsawa. Zafin kuwa ba zan iya kwatanta shi ga mutumin Jos ba. Da azahar gari yake mutuwa, a rufe shaguna, kowa ya nemi inuwa sai la'asar, abin da in ɗan kasuwarmu ya yi za a ce ya karye. Burodin gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa sai da ya kankare mini dasashi. Fura da muke sha don marmari, a can ita ce abincin rana, kuma ban taɓa shan mai daɗinta ba. Shayi a ɗan mitsitsin kofi suke ba ka, har zagaye uku. Na shanye na farko na yi godiya na miƙe, ashe an ɗauka raina shi na yi, sai da na koma na zauna. Asibiti kuma likita suke ce masa, gini da mutum duk suna ɗaya.

Uwar mijin, Hajiya Dije, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta sa aka yanka mini zabo. Muna cikin gaisawa sai ga Ta-Maraɗi ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malama, sannu da zuwa."

Na ce, "Yauwa," ina kallon bango. Amma gefen ido ma ido ne. Fuskarta ta kumbura, ƙafafunta sun cika silifa har sun zubo, cikin kuwa ɗan ƙarami, in ba a faɗa maka ba ka ce na wata biyar ne. Na kai hannu na ɗauki kofin shayi don kawai in sami abin riƙewa.

Na zo da shirin doguwar muhawara, har na tanadi hujjoji kamar mai shiga gaban sufeto. Hajiya Dije ba ta ba ni damar amfani da ko ɗaya ba. Ta saurare ni, sannan ta ce:

"Mu ma muna da likita nan, an kai ta, an ba ta ƙwayoyi. Malamai ma sun yi nasu. Malama, biyun nan ni na wanke su da hannuna. Na biyun ga gashi baƙi ƙirin, ga hwarce, komi ya yi, rai ne kawai babu. In kin ce da wani abu a Jos, ku tai. Ni dai kar in wanke na ukku haka nan."

Na ji tsohuwar nan har cikin raina. Laminu kuwa yana tsugune a waje bayan labule, yana yi wa uwarsa magana, ita kuma tana maimaita mini kamar ba na ji. Ya yarda. Yana da lodin albasa da zai raka kudu, in ya sauke zai biyo mu.

Kwana biyu na yi muka juyo. A motar Allah Ya haɗa mu da Hajiya Mariya, wata mai fataucin turaren wuta, mace mai jiki da baki. Na yi dabara ta zauna a tsakiyarmu, na mai da ita waya.

"Hajiya, ki tambayi ta kusa da ke ko za ta sha fura."

"Ke, wai za ki sha hura?"

"Ta ce a'a."

"Ki ce ta miƙe ƙafarta kan jakata."

Da farko abin dariya ya ba ta, har tana ƙara nata gishirin. Amma da muka tsaya sallah a Katsina sai ta ja ni gefe, fuskarta ba wasa.

"Ɗiyarki ce ko? To tun kan iyaka hannunta na bisa cikin nan, tana dannawa kamar mai tashin mai barci. Ki tambaye ta."

Na ce, "Ke dai ki tambaye ta."

Ta tambaye ta a gabana. Yarinyar ta saci kallona, ta sunkuyar da kai, ta ce lafiya lau. Yaya za ta yi zancen ciki ina tsaye? Ni na koya mata hakan, ba da baki ba. A Kano Hajiya Mariya ta sauka da kayanta, ta leƙo ta taga ta ce, "Ku biyun nan, Allah Shi shirye ku." Ban sami ko sunan unguwarsu ba, har yau ina jin haushin kaina.

A gidan ƙawata aka yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Loma biyu ta yi ta ce kanta ke ciwo. Na ce a raina gajiyar hanya ce, gobe dai muna gida.

Yanzu ga wurin da nake tsallakewa.

A dajin Falgore tayarmu ta fashe, safayar ma ba iska, direba ya tari wata mota ya tafi neman mai faci. Fasinjoji suka watsu, maza suka yi gindin wata bishiya, mu biyu muka zauna a kan wani dutse a bakin hanya. Fiye da awa ɗaya, ba Hajiya Mariya, ba kowa. Ina ganin hannunta yana zagaya cikin a ƙarƙashin mayafi, ya danna nan, ya jira, ya danna can. Tambayar tana kan harshena, kalma biyu ce tak: yana motsi? Ni da nake yi wa yara sittin tambaya tun safe har azahar. Na buɗe baki, na ji kunya ta shaƙe ni kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Abin da ya fito shi ne, "Jos da sanyi yanzu." Na ciro suwaita daga jaka na ajiye a tsakaninmu. Ta ce, "To," ta ɗauka. Mun baro asibitocin Katsina, mun baro na Kano, muna zaune a daji muna zancen sanyi.

Da azahar muka shigo Jos, kai tsaye gidan Goggo. Niyyata ta huta kwana biyu, ranar Litinin mu je wurin Sista. Goggo tana kan tabarmar takabarta, ta jawo yarinyar jikinta tun ba ta gama gaisuwa ba, ta ɗora hannu a cikin, ta ce, "Yana motsi?"

Haka kawai, a numfashi ɗaya. Sai yarinyar ta fashe da kuka.

"Inna, tun ana gobe za mu taso ya rage. Jiya sau biyu na ji shi. Yau sau ɗaya, da asuba. Haka waɗancan suka yi, Inna."

Goggo ta ɗago ta dube ni. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ban ko cire hijabi ba na fita neman tasi.

Asibitin su Sista a Tudun Wada yake. Shekara biyar rabona da unguwar, wurin da a da nake zuwa kitso. Na tsallake iyakar ƙasa da ƙasa ban ji ɗar ba, amma da muka karya kwanar unguwar sai na ji ina gyara hijabi ina kallon fuskokin mutane. Ba wanda ya kula da mu. Da direban ya ɓata, wata mai gasa masara ce ta taso ta bar masararta a wuta, ta leƙo ta ga mai ciki tana kuka, ta ce, "Mama, ku bi nan, gini na biyu mai shuɗin ƙofa. Allah Ya sauke lafiya."

Sista Rifkatu ta auna jininta, na ga fuskarta ta canja. Ba ta sa mu a layi ba. A ƙofar ɗakin sikanin na ga benci, na yi zamana.

"Tashi," in ji Sista.

"Ni a nan zan jira."

"Malama, yau babu wannan. Wa zai ji bayani? Wa zai sa hannu? Oya, tashi." Ta kama wuyan hannuna ta ja ni ciki kamar 'yar aji ɗaya.

Ɗakin da ɗan duhu, injin kamar talabijin a kan keken da ake turawa. Likitar Bayarabiya ce haifaffiyar Jos, 'yar ƙarama mai tabarau, Hausarta ta fi ta Sista nesa. Aka kwantar da yarinyar, aka yaye cikin, aka shafa masa wani mai kamar koko mai sanyi. Rabona da ganin cikinta tun ina yi mata wanka a baho. Na sami wata kalanda a bango na kafa mata ido.

"Mama, nan za ki duba, ba bango ba."

Na duba. Da fari ban ga komai ba sai hazo-hazo. Ta nuna wani ɗan wuri da yake ƙyaftawa, ta ce, "Zuciya ke nan. Yana da rai." Na ji yarinyar ta saki wani numfashi mai tsawo. Likita ta auna kai, ta auna ciki, ta auna ƙashin cinya, ta ce ɗan bai kai girman watanninsa ba, ruwan da yake kwance a ciki ma ya yi kaɗan. Sannan ta danna wani abu, sai ga ja da shuɗi sun bayyana suna walƙiya.

"Wannan shi muke kira dofla. Kar launin ya tsorata ki, yana nuna inda jini ya nufa ne kawai. Ga igiyar cibiya. Ta nan jinin yaro yake zuwa mabiyiya ya ɗebo abinci da iska ya dawo. Yanzu ki saurara."

Ɗakin ya cika da wani sauti, fuu, fuu, fuu, a ƙasan allon kuma wani zane yana gudu kamar haƙoran zarto. Ni daɗi na ji, na ɗauka albishir ne. Ta girgiza kai.

"In mabiyiya tana da lafiya, ko zuciya ta huta tsakanin bugu da bugu, jinin ba ya tsayawa, sautin ba ya yankewa. Sake saurarawa. Ba bugun za ki ji ba, tsakaninsu."

Na rufe ido. Fuu, sai shiru. Fuu, sai shiru. Kamar famfon unguwarmu in ruwa yana shirin ɗaukewa.

"Kin ji shirun nan? Shi ne matsalar. Hanyoyin mabiyiya sun tsuke, hawan jinin uwar yana da hannu a ciki. Yaron yana turawa da ƙyar." Ta matsar da abin hannunta zuwa kan ɗan, ta ƙara saurarawa. "Kin ga, ɗan abin da yake samu ƙwaƙwalwa yake tura wa. Yana ƙoƙari. Amma ba zai daɗe yana yi ba. In aka bar shi, jinin zai fara komawa baya, daga nan kuma sai abin da Allah Ya yi."

Na ce, "Abin da ya sami na baya ke nan?"

"Ba zan rantse ba, ban gan su ba. Amma ya yi kama." Ta juya wurin yarinyar. "Tun yaushe motsi ya ragu?"

"Kwana uku."

"Kwana uku! Ba ki gaya wa kowa ba? Da wa kike tare?"

Hawaye yana gangara wa yarinyar cikin kunne. Na ce, "Da ni take."

"Ke wace ce a wurinta?"

Sista ta buɗe baki za ta amsa mini. Na riga ta. "Ni na haife ta."

Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi yarinyar. A Jos ta tashi, ta san mu. Ta goge man da ke cikin, ta shiga bayanin abin da za a yi. Za a kwantar da ita, a ba ta maganin hawan jini, a yi mata allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya nuna da wuri, a riƙa sauraron zuciyarsa a kai a kai. In hali ya yi, jibi a yi tiyata a ciro shi. A cikin kwalbar renon bakwaini, in ji ta, ya fi samun abinci a kan inda yake yanzu.

Sai da aka nemi izinin miji. Sista ta buga lambar Laminu a wayarta ta manna mini a kunne. Ni da surukina, ba labule, ba mai maimaitawa. Ya rikice, ya gaishe ni sau uku. Na ce, "Laminu, bar gaisuwar nan, ka saurare ni." Ya saurara, ya ce duk abin da na gani a yi. Na sa hannu.

Washegari da hantsi aka sake mai da ita ɗakin. Wannan karon ba wanda ya ja ni, ni na riƙe mata zani. Kunnena ya riga ya koyi abin, tun kafin likita ta yi magana na ji sautin ya canja, na ga haƙoran zarton suna leƙawa ƙarƙashin layi. Ta ajiye abin hannunta ta ce, "Ba za mu jira gobe ba. Sista, a shirya tiyata."

Nan da nan aka ɗora ta a gadon da ake turawa. Ina biye da su a baranda da silifanta a hannuna. Idonta yana yawo a kan fuskokin mutane, tana cewa, "Inna, Inna," a hankali. Inna kuwa tana can kan tabarma ba halin fitowa. Na tuna dattijon jandarman nan da dariyarsa. Na ga in ƙofar nan ta rufe, ba ni da tabbacin za a sake buɗe mini ita a kan mai rai. Ƙafar gadon ta riga ta shiga.

"Sa'adatu!"

Da muryar aji ta fito, har wani mai shara ya saki tsintsiya. Ta ɗago kai tana neman mai kiran.

"Sa'adatu, ga ni nan. Ba inda za ni."

Ƙofa ta rufe. Na zauna a ƙasa a wurin, ba a benci ba, na rungume silifan.

Mace aka ciro. Da Sista ta fito da ita a gurguje za a kai ta kwalba, ban ga komai ba sai wata 'yar ƙafa kamar babban yatsana, da kuka siriri irin na 'yar kyanwa. Sati uku ta yi a kwalba, ana ɗura mata nonon uwarta ta wani siririn bututu. Ranar suna tana ciki, aka yanka rago ba ta sani ba. Sau biyu ta tsorata mu, sau biyu ta dawo.

Hajiya Dije ta iso tare da Laminu, da ƙullin gero da tsarabar kilishi, tana karkarwar sanyi tun daga tasha. Suwaitar nan tawa dai ita ta gaje ta, har da safar. Ta ɗanɗana gwaten acca ta ce ba laifi, amma wai mutanen Jos ba su san abinci ba sai ganye. Ranar da aka sallamo jaririyar ita ta yi mata wankan farko a ɗakin Goggo, an rufe taga, ga gawayi a kasko. Ruwa yana taɓa ta ta callara ƙara. Tsohuwa ta tsaya cak da ita a hannu, hawaye yana zuba, tana cewa, "Yi kukanki, ɗiyata. Ƙara. Shi nike son ji."

Ga labarin Nijar, ga burodi, ga kabeji. Takardar sikanin ɗin mai zanen haƙoran zarto tana cikin jakata, duk mai ciki da ta zo gaishe ni sai na nuna mata, in kuma tambaye ta ko yana motsi, ko 'yar wace ce. A gaban mutane har yanzu Ta-Maraɗi nake cewa, harshe ya riga ya saba.

Ana jibi za su koma, na shiga ɗakin Goggo da safe kai wa mai jego kunun kanwa. Goggo tana banɗaki, daga ni sai ita sai jaririya a cinyarta. Na ajiye kwanon zan juya, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malama, ranar nan da za a shiga da ni, na ji kamar an kira ni. Na ɗauka allurai ne suka juya mini kai."

Na tsaya riƙe da labule. Na ce, "Ba allurai ba ne."

Ta ci gaba da gyara wa 'yarta hula. Can ta ce, "To ki sake. Ran nan ban ji da kyau ba."

Na saki labulen, na dawo na zauna a bakin gadon, na sake.